Na halarci bajekolin alƙaluman tawada a Landan: ga abin da na gani

Baban Hauwa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi muku alkawari kafin tafiyata cewa in Allah ya maido ni lafiya zan ba ku labarin bajekolin alƙaluma masu shan tawada da ake yi a Landan cikin watan Oktoba. Ba dominsa na yi tafiyar ba. Na je duba 'yata da ke karatu a Ingila ne, sai ranar ta faɗo cikin kwanakin da zan yi a can, ita kuwa ta san na shekara goma sha biyu ina tara waɗannan alƙaluma, don haka ta ce lallai sai ta raka ni.

Wurin babban zaure ne na otal, an jera tebura layi bayan layi, kowane tebur an shimfiɗa masa ƙyalle an zuba alƙaluma a kai. Mafi yawan masu teburan dattawa ne masu sayar da tsofaffin kaya, irin su Parker da Sheaffer da Waterman da Conway Stewart da Swan, waɗansu tun na kafin yaƙin duniya na biyu. Akwai masu sababbi, akwai masu tawada da takarda, amma inda na fi daɗewa shi ne wajen masu gyara, domin abin da ya kai ni ke nan.

Na tafi da alƙalamin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Parker 51 ne ƙirar Ingila, wanda ya saya a ƙarshen shekarun 1950 yana malamin firamare, kuma ya fi shekara ashirin bai yi rubutu ba. Mai gyaran ya ɗumama hancinsa a hankali har mannin da ke riƙe da shi ya saki, ya kwance, sai ga magudanar tawadar ta toshe da wani baƙin abu mai tauri kamar kwalta. Ya tambaye ni irin tawadar da aka ɗura masa. Nan na tuna cewa bayan rasuwar Baba wani daga cikin yaran gida ya taɓa zuƙa masa tawadar allo. Mutumin ya jiƙa sassan, ya sa su cikin wata 'yar na'ura mai girgiza ruwa, ya ce in dawo bayan awa uku. Da na dawo ya miƙo mini shi da takarda. Na rubuta Bismillah, na rubuta sunan Baba a ƙarƙashinta, kuma layin ya fito da kaurin nan da na sani a wasiƙun da yake aiko mini ina makarantar kwana. Sai da na nemi kujera na zauna.

Akwai kuskuren da na yi wanda nake so ku amfana da shi. Ban cika rabin awa da shiga ba na sayi wani tsohon alƙalami na shekarun 1930 saboda kyan launinsa, ban sa madubin ƙara girma na duba ba, sai da na koma masauki na ga siririn tsagi a bakin murfinsa. Wanda duk Allah ya nufa da zuwa irin wannan wuri, ya fara zagaye zauren gaba ɗaya hannunsa na aljihu, sannan ya dawo ya yi ciniki.

Alhaji na Jega:
Wa alaikumus salam Malam, barka da dawowa, Allah ya jiƙan Baba. Labarin gyaran alƙalaminsa ya taɓa ni, kuma ba ni da ta cewa a kansa, domin abin gado ne. Maganata a kan sauran take. Ina so a gaya mini gaskiya, mene ne alƙalamin fam ɗari yake rubutawa wanda biro ba ya rubutawa? Ni ɗan kasuwa ne, shekara talatin ina rubuta lissafin buhunan albasa da biro, ba a taɓa ƙin karɓar rasiɗina ba. Mutum yana da hannu ɗaya na rubutu, in ya tara alƙaluma talatin a akwati, a wannan lokaci da maƙwabci ke neman abin da zai sa a tukunya, ina jin tsoron kada abin ya shiga almubazzaranci, wanda dukkanmu mun san matsayinsa a addini. Ba ina zargin kowa ba ne, tambaya nake yi a matsayin ɗan uwa.

Tsohon Akawu, Argungu:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, amma bari in ba ka amsar wanda ya ci abinci da wannan alƙalami. Na fara aiki a ofishin En'e kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, kuma a lokacin kowane tebur yana da kwalbar tawadar Quink da takardar shanye tawada. A makarantarmu ma an hana mu biro, malaminmu yana cewa yana ɓata hannu, kuma da na girma na gane dalilinsa. Biro tawadarsa mai kauri ce, sai ka danna ƙwallon da ke bakinsa ya juya kafin ta fito. Alƙalamin tawada kuwa da zarar bakinsa ya taɓa takarda ruwan ke bi da kansa, saboda haka mutum zai wuni yana cika rajista yatsunsa ba su yi tsami ba. Yanzu da ciwon gaɓɓai ya kama ni, ba na iya cika shafi guda da biro, amma da tsohon Parker 45 ɗina ina rubuta shafi huɗu. Wannan shi ne amsar kashin farko na tambayarka. Kashi na biyu, wato tarawa, na bar wa masu tarawa su kare kansu.

Malamin Gwandu:
Assalamu alaikum. Malam Baban Hauwa, abin da ya toshe alƙalamin Baba ƙaro ne, ba wani abu ba. Tawadar allo baƙin tukunya ne ko gawayi ake haɗawa da ƙaro don ta kama itace kuma ta wanku, in ta bushe a cikin ƙaramar kafa sai ta daskare. Alƙalamin gamba ko na kara bai damu da wannan ba, domin tsomawa ake yi cikin kurtu, in bakinsa ya lalace a sake feƙe shi. Akwai kuma tawadar takarda ta bagaruwa da ake jiƙawa da ƙarfe, wadda take ƙara baƙi in ta sha iska kuma ba ta wankuwa. Irinta ce ta sa rubuce-rubucen zamanin Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, suke karantuwa har yau. Ita ma ba zan ba kowa shawarar ya ɗura ta a alƙalamin Turawa ba, domin ta gida ba ta tacuwa sosai kuma tana cin ƙarfe.

Ga Alhaji kuwa, ina so in tuna masa cewa neman alƙalami mai riƙe tawadarsa a cikinsa ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. An ruwaito cewa al-Mu'izz, sarkin daular Faɗimiyya da ya yi mulki daga 953 zuwa 975, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai yi rubutu ba tare da tsomawa ba kuma ba zai ɓata masa hannu ko tufafi ba, aka kuma ƙera masa. Tsakanin wannan da takardar mallakar fasaha da Waterman ya samu a Amurka a 1884 akwai fiye da shekara ɗari tara.

Tambayata ita ce, a wurin nan ka ga alƙalamin da zai yi rubutun ajami da kyau? Duk wanda na gwada bakinsa zagayayye ne, harafi yana fitowa da kauri ɗaya ko'ina kamar igiya, ba ciki ba wutsiya.

Baban Hauwa, Birnin Kebbi:
Allah ya gafarta Malam, wannan tambayar ta kai ni inda na fi so. A cikin zauren akwai mutane biyu ko uku da aikinsu kawai wasa bakin alƙalami, suna zaune da ƙaramin dutsen wasa mai juyawa da madubi a ido, mutane sun yi layi. A ƙarshen kowane baki akwai ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ne yake taɓa takarda, kuma shi suke sassaƙawa. Abin da ya burge ni shi ne mutumin bai fara aiki ba sai da ya ce in yi rubutu a gabansa, ya kalli yadda nake riƙo da yadda nake karkata hannu. Da ya ga na fara daga dama, ya ce akwai feƙe iri biyu da suka dace. Na farko a yanke bakin a karkace kamar yadda kuke yanke na kara. Na biyu a sassaƙa shi yadda layin tsaye zai fito siriri, na kwance ya fito da kauri, wanda su da kansu suke kira bakin Larabci. Na ba shi wani Pelikan mai faɗin baki ya yi mini na biyun, yana wasawa yana miƙo mini ina gwadawa har sau biyar. In na zo Gwandu zan kawo maka ka gwada da hannunka, domin ni ajamina bai kai in yanke hukunci ba. Akwai kuma wani mai araha ƙirar Pakistan, na kamfanin Dollar, da ake sayarwa da bakinsa a yanke tun daga masana'anta domin masu rubutun Urdu da Larabci.

Wannan ne abin da ba a samu ta intanet. Hoto ba ya gaya maka nauyin alƙalami, ba ya gaya maka ko bakinsa yana kartar takarda. Na shekara biyar ina sha'awar Montblanc 149, wanda aka fara yi a 1952, amma da na riƙe shi na minti biyu na gane ya yi wa hannuna kauri, sha'awar ta fita daga raina. Kuɗin da ban kashe ba a wannan rana ya fi wanda na kashe.

Mai Gyaran Agogo, Ƙaura Namoda:
Yaya, ni sha'awata tana wajen gyaran. Sau da yawa a kan kawo mini tsofaffin alƙaluma tare da agogon mamaci a ce in duba, in na ja ɗan hannun ƙarfen da ke gefe sai in ji ƙas-ƙas a ciki kamar busasshen ganye. Na buɗe guda biyu, ɗaya ya fashe a hannuna, tun daga nan na daina taɓawa. Me suke yi wanda ban yi ba?

Baban Hauwa, Birnin Kebbi:
Ƙanina, na tsaya kusan awa guda ina kallon wannan aikin. Irin da kake magana shi ne mai ɗan hannu a gefe, fasahar da Walter Sheaffer ya yi rajistarta a 1908. A cikinsa akwai 'yar jakar roba, hannun yana matse ta, in ka sake shi ta zuƙi tawada. Ƙarar da kake ji robar ce ta bushe ta farfashe, kuma zafin ƙasarmu yana hanzarta hakan. In ka ji hannun ya yi tauri kada ka tilasta shi. Sirrin buɗewa shi ne ɗumi: suna hura iska mai ɗumi a mahaɗar, gwargwadon abin da yatsa zai iya jurewa, suna murɗawa kaɗan-kaɗan, kuma ba sa kusantar da wuta ko kaɗan, domin jikin da yawa daga cikin na shekarun 1920 zuwa 1940 abu ne mai kamawa da wuta nan take. Bayan an kankare tsohuwar robar a sa sabuwa daidai girmanta, a manne ta da irin mannin da ɗumi ke sakinsa, a barbaɗa mata hoda don ta shige. Kada a yi amfani da gam mai kamawa har abada, domin wanda zai gyara bayanka ba zai iya buɗewa ba. Na sayo robobi ashirin masu girma daban-daban da kwalbar mannin, zan aiko maka da rabi.

Parker 51 na bayan 1948 ya bambanta, jakarsa ba irin wannan robar ba ce, shi ya sa ta Baba tana nan lafiya bayan fiye da shekara sittin. Na kafin wannan shekarar, mai ɗan fanfo a gindi, shi ne yake buƙatar sauyi da kayan aiki na musamman.

Maman Aliyu, Gusau:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni malamar sakandare ce, kuma ina ganin maganar Alhaji ba a amsa ta duka ba. Baba na Argungu ya nuna amfanin alƙalami ɗaya, Malamin Gwandu ya nuna asalinsa, amma ba wanda ya nuna amfanin talatin. Na karanta cewa a cikin masu tarawa akwai waɗanda ba sa taɓa ɗura wa alƙalami tawada don kada darajarsa ta faɗi, kuma wannan ni ban gane shi ba. Abin da aka ƙera don rubutu, aka kulle shi a akwati har mai shi ya mutu, magada su sayar da shi ga wani ya sake kullewa, wane alheri ya yi a duniya?

A nawa ɓangaren, na sayi Hero 616 guda goma, ƙirar Shanghai, wanda kowa ya gan shi ya san Parker 51 aka kwaikwaya, na ba ɗaliban ajina masu mummunan rubutu. Uku sun ɓata nasu cikin mako biyu, biyu sun ɓata riga, amma sauran rubutunsu ya natsu, domin alƙalamin ba ya yarda da gaggawa da dannawa. Matsalarmu babba takarda ce, littattafan da ake sayarwa yanzu suna shan tawada har ta ɓullo ta baya. Da hunturu kuma in yaro ya bar murfi a buɗe na ɗan lokaci bakin ya bushe.

Ɗalibi daga Aliero:
Baba, don Allah ina da tambaya. Wani ya kawo mini Montblanc yana cewa na gaske ne, hujjarsa ita ce an rubuta 4810 a bakinsa. Kuɗin da ya faɗa bai kai na littafin karatu guda ba.

Baban Hauwa, Birnin Kebbi:
Ɗana, lambar 4810 tana nuni ne da tsayin dutsen Mont Blanc na Turai a ma'aunin mita, kuma masu jabu sun san da ita kamar yadda ka sani, don haka ba hujja ba ce. Haka lambar 585 da ke nufin zinariya karat 14, da 750 da ke nufin karat 18, duk ana buga su a kan ƙarfe mai ruwan zinariya. Farashin da ka faɗa ya isa amsa. In kana son fara rubutu da alƙalamin kirki, nemi Lamy Safari ko ƙaramin Pilot na gaske, ya fi maka jabun babban suna.

Malama Maman Aliyu, kin faɗi gaskiya, kuma na ga irin mutanen da kike nufi da idona. Wani ya nuna mini Parker Duofold ja na shekarun 1920, da na nemi izinin tsoma bakinsa a tawada sai ya girgiza kai. Ban ji daɗi ba, amma daga baya na yi tunani cewa ba don irinsa ba da mai gyaran da ya taimake ni bai san yadda asalin abin yake ba, kuma sassan da ake gyara na wasu da su daga akwatunan irin waɗannan mutane suke fitowa. Kamfanonin sun daina yin waɗannan sassa tun da daɗewa. Duk da haka ni ba hanyata ba ce. Alhaji ya ce talatin, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, talatin da ɗaya gare ni. Na ƙirga daren jiya bayan na karanta maganarsa, na ga guda bakwai ne kawai na ɗura wa tawada a bana. Mafi yawansu matattu na saye su da araha a hannun masu gwanjo, ban biya fam ɗari a kan ko ɗaya ba, amma wannan bai kawar da tambayarsa ba.

Alhaji na Jega:
Malam, na gode da ka faɗi adadin da bakinka. Baba na Argungu ya gamsar da ni a kan alƙalami ɗaya, har ina tunanin neman irin nasa domin ni ma yatsuna sun fara ciwo. A kan ashirin da huɗun da ke kwance kuwa ina nan a kan bakana. Ban ce haramun ba ne, wannan ba hurumina ba ne, amma dukiyar da ba ta aiki ni a wurina nauyi ce, ko albasa ce ko alƙalami.

Tsohon Akawu, Argungu:
To ai ga hanya ta buɗe. A gidajen tsofaffin malamai da alƙalai da akawuna na Argungu da Gwandu da Yawuri da Zuru, na tabbata akwai irin waɗannan alƙaluma cikin akwatunan ƙarfe tare da takardun fansho, 'ya'ya ba su san ana gyara su ba. Ni kaɗai na san gida uku. Ba sai mun je Landan ba. A samu aji ɗaya a wata makaranta a Birnin Kebbi ranar Asabar, kowa ya zo da abin da yake da shi, Baban Hauwa ya shimfiɗa nasa kowa ya taɓa ya gwada, Malam ya zo da gamba da wuƙa ya nuna wa yara feƙe, ɗanmu na Ƙaura ya zo da kayan aikinsa. Sai dai a yi shi kafin zafin Maris, kuma kada wanda ya bar alƙalami a cikin mota a rana, domin iskar da ke cikinsa tana kumbura ta turo tawada waje.

Mai Gyaran Agogo, Ƙaura Namoda:
Zan zo in sha Allahu, amma ba zan taɓa abin gadon kowa ba sai na gwada hannuna. Yaya, a cikin ashirin da huɗun nan ka zaɓo mini uku mafi lalacewa, masu ɗan hannu a gefe, ka haɗo da robobin. In sun tashi, a ba Malama ta kai wa ɗalibanta.

Baban Hauwa, Birnin Kebbi:
Na ware guda huɗu, har da mai tsagaggen murfin nan, domin bakinsa lafiya lau yake. Akwai direban da na sani da ke zuwa Gusau ranar Laraba, zan ba shi ya kai wa Malama, kai kuma ka aiko a karɓa a wurinta. Ka fara da baƙin, shi ne mahaɗarsa ta riga ta saki.